Waliyyi Agustin na Hippo: Mai Zunubin da Alherin Allah Ya Kama

Kowace shekara ranar 28 ga Agusta Ikilisiya takan tuna da Waliyyi Agustin, kwana ɗaya bayan ta tuna da mahaifiyarsa, Waliyyiya Monika. Mun san shi babban malamin bangaskiya, amma sau da yawa mukan manta cewa sai da ya haura shekara talatin kafin ya miƙa wuya ga Ubangiji.

An haife shi ranar 13 ga Nuwamba, shekara ta 354, a Tagaste, garin da yau ake kira Souk Ahras a ƙasar Aljeriya. Mahaifinsa Patrisiyus bai karɓi baftisma ba sai dab da mutuwarsa. Monika kuwa ta koya wa ɗanta sunan Yesu tun yana goye. Duk da haka, yana ɗan shekara 16 ya bi abokai da dare suka kakkaɓe 'ya'yan itacen maƙwabci, suka zuba wa aladu. Ba yunwa ta sa shi ba. Daga baya ya gane cewa haramcin abin ne ya yi masa daɗi, kuma da shi kaɗai ne da bai aikata ba.

Da ya tafi karatu birnin Kartaj, sai ya ajiye mace ba aure, ta haifa masa ɗa mai suna Adeodatus. Ya kuma shiga ɗarikar Mani, ya yi kamar shekara tara a cikinta. Koyarwarsu ta kwanta masa a rai, domin suna cewa wani ikon duhu ne a cikin mutum yake yin zunubi, saboda haka laifin ba nasa ba ne. Ashe ba yau aka fara ɗora wa Shaiɗan kayan da mu da kanmu muka ɗaure ba.

A shekara ta 384 ya sami aikin koyar da fasahar magana a Milan, ƙasar Italiya. Can ya riƙa zuwa sauraron wa'azin Bishop Ambros, da fari don ya auna gwanintarsa, har gaskiya ta shiga kunnensa. Hankalinsa ya yarda, amma zuciyarsa ta ƙi sakin sha'awar jiki. Shi da kansa ya faɗa cewa tun yana saurayi yakan roƙi tsarki, yana kuma tsoron kada Allah ya amsa masa da wuri. Wata rana a shekara ta 386, yana kuka a cikin lambu, sai ya ji muryar yaro tana cewa ya ɗauka ya karanta. Ya buɗe Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, idonsa ya sauka a ƙarshen sura 13, inda Manzo yake gargaɗi a kan buguwa da fasikanci da husuma. Nan take ya yi biyayya. A daren Ista na shekara ta 387 Ambros ya yi masa baftisma tare da ɗansa. Monika ta ga amsar hawayenta, ta rasu a Ostiya a wannan shekara.

Ya koma Afirka da niyyar zaman addu'a da karatu tare da abokansa. Amma a shekara ta 391 jama'ar Hippo suka riƙe shi a cikin majami'a, suka kai shi gaban Bishop Baleriyus domin a naɗa shi firist. Ya yi kuka, ya kuma amince. Bayan 'yan shekaru ya zama bishop na garin. Ko a wannan matsayi bai ɓoye ba cewa jarabar ciki da son yabo suna nan suna bin sa.

Wannan ne ya sa ya tsaya tsayin daka sa'ad da Pelajiyus ya koyar cewa mutum yana iya cika dokokin Allah da ƙarfin nufinsa. Agustin ya san inda ƙarfin nufinsa ya kai shi. Ya koyar cewa alherin Allah ne yake fara aiki, shi yake warkar da nufinmu, sa'an nan mu amsa da yardar rai. Ruwan sama na Allah ne, ƙarfin ɗaga fartanya ma kyautarsa ce, amma wanda ya kwanta a ɗaki da damina ba zai ga hatsi a rumbu ba.

Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, sa'ad da mayaƙan Bandal suka kewaye Hippo. A kwanakinsa na ƙarshe ya sa aka rubuta Zaburan tuba aka manna a bango kusa da gadonsa, yana karantawa da hawaye.

Mu ma mun ci moriyarsa, domin 'ya'yan ƙungiyarsa daga ƙasar Ayalan sun yi aikin bishara a Yola da Maiduguri, kuma babbar makarantar horar da firistoci ta Jos tana ɗauke da sunansa. Saboda haka, wanda ya daɗe yana ce wa Allah sai gobe, bari ya zo wurin furta zunubi a wannan mako. Uwar da ɗanta ya bauɗe kuma, kada ta gaji da durƙuso.

Waliyyi Agustin, ka yi addu'a dominmu.