Agustin na Hippo: Malamin da ya shafe shekara 12 yana ɗage tuba zuwa gobe

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wurin tela a Gyadi-Gyadi ko kasuwar Tarauni ana saura mako guda Sallah ko Kirsimeti ya san nauyin kalmar gobe. Sai dai ba teloli ne suka ƙirƙiro ta ba. Ɗaya daga cikin manyan malaman addinin Kirista, kuma ɗan Afirka, ya daɗe yana fama da ita, har ya rubuta labarin da hannunsa.

An haifi Agustin a shekarar 354 a Tagaste, garin da yanzu ake kira Suk Ahras a Aljeriya. Mahaifiyarsa Monika Kirista ce mai riƙo da addini, mahaifinsa kuwa sai dab da mutuwarsa ya karɓi addinin.

Jinkirin ma ba shi ya fara shi ba. Yana yaro ya yi ciwon ciki mai tsanani, ya roƙi a yi masa baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista. Da ya warke sai aka ɗage. A zamanin, iyaye da yawa kan bari yaro ya gama ƙuruciyarsa tukuna, don wankan ya share laifukan gaba ɗaya.

Yana kimanin shekara 17 ya tafi karatu Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau. A can ya zauna da wata mace ba aure, suka haifi ɗa, Adiyodatus. Yana shekara 19 ya karanta wani littafin Sisero, masanin Rum, wanda ya sa masa ƙishirwar neman gaskiya. Daga nan ne shi kansa yake fara ƙirga shekarun da ya ɓata.

Kada mai karatu ya ɗauka rago ne. Ya koyar da fasahar magana a Kartaj, ya haye Rum a 383 bayan ya yaudari mahaifiyarsa ya bar ta a bakin teku, a 384 kuma ya samu babban muƙamin koyarwa a Milan, inda fadar sarkin Rum take a lokacin. Ya yi kusan shekara tara cikin ɗarikar Mani kafin ya gaji da ita. Wa'azin Bishof Amburos na Milan ya warware masa shakkun da suka rage.

A nan labarin ya fi ɗaukar hankalina. Hujja ta ƙare masa, ya gamsu, amma ya kasa ɗaga ƙafa. A littafinsa na iƙirari ya amsa cewa tun yana saurayi yakan roƙi Allah tsarkin kai, tare da fatan kada a yi gaggawar amsa masa. Ya kwatanta kansa da mai barcin da ya san gari ya waye, yana ta neman a ƙara masa ɗan lokaci. A ganinsa sha'awa ce ke zama sabo, sabon da ba a taka masa birki ba kuma ya zama sarƙa.

Abin mamaki, akwai jiran da bai iya ba. Monika ta nema masa auren wata yarinya 'yar manyan gida, aka ce sai bayan shekara biyu. Aka mayar da uwar ɗansa Afirka bayan zaman shekara goma sha wani abu, ɗan kuma ya zauna wurin uban. Agustin bai jira ba, ya ɗauko wata. Ita matar farko ko sunanta bai rubuta ba, kuma a ganina ita ta fi kowa biyan kuɗin wannan jan ƙafa.

A 386 wani ma'aikacin fada ɗan Afirka, Fontisiyanus, ya kawo masa ziyara. Ya ba shi labarin Antoni, mai ibadar nan na hamadar Masar, da na wasu jami'ai biyu da suka karanta tarihin Antonin suka ajiye aiki nan take. Kunya ta kama Agustin: waɗanda ba su kai shi ilimi ba sun yanke a yini ɗaya abin da ya gagare shi shekara 12.

Ya fita lambun gidan, ya zube ƙarƙashin itacen ɓaure yana kuka. Sai ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana maimaita cewa a ɗauka a karanta. Ya koma inda abokinsa Alifiyus yake zaune, ya buɗe wasiƙun Bulus, idonsa ya faɗa kan Romawa sura 13, aya 13 da 14, masu hani ga shaye-shaye da fasikanci da husuma. Bai ƙara ko aya ɗaya ba ya rufe littafin.

Ko a nan bai watsar da ɗalibansa a ranar ba. Ya jira hutun girbin inabi da ya rage 'yan makonni, sannan ya ajiye aiki, ga kuma ciwon ƙirji da ke damunsa. Wannan karon dai jiran yana da ranar ƙarewa. A daren Ista na Afrilun 387 Amburos ya yi masa baftisma tare da ɗansa da Alifiyus. Monika ta rasu a shekarar a Ostiya, suna hanyar komawa gida.

A 391 jama'ar Hippo, wato Annaba ta yau, suka matsa masa ya zama limamin coci, bayan 'yan shekaru ya zama bishof. Littafinsa Birnin Allah ya ci shekara 13, daga 413 zuwa 426, amma ya kai ƙarshensa, kashi 22 cif. Ba a rasa masu sukarsa ba, musamman kan goyon bayan da ya bai wa hukuma ta tilasta wa 'yan ɗarikar Donatus komawa coci.

Ya rasu ranar 28 ga Agustan 430 yana da shekara 75, mayaƙan Bandal sun yi wa Hippo ƙawanya. Littattafansa sun tsira daga yaƙin. Babbar makarantar horar da limaman Katolika da ke Jos sunansa take amsawa.