Likita John Snow, Mai Auna Maganin Barci

A hutun bara aka yi wa ƙanena fiɗa a asibiti saboda ƙaba. Na zauna a bakin ƙofa wajen sa'a biyu, ba abin da na ke tsoro sai kada ya ƙi farkawa daga barcin da aka sa shi. Da ya farka lafiya, sai na shiga neman labarin waɗanda suka gyara wannan aiki. Ga abin da na samu game da ɗaya daga cikinsu.

An haifi John Snow a garin Yok na Ingila cikin 1813. Ubansa lebura ne. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon aiki wurin wani likita, daga baya ya tafi Landan ya ƙara ilmi.

A zamanin nan in za a yanke wa mutum ƙafa, sai ƙarti su danne shi, yana ji yana gani. Cikin 1846 aka nuna a Amurka, in mutum ya shaƙi tururin wani magani, eta, sai ya yi barci har a gama. Shekara ta zagayo aka samu wani kuma, kilorofom. Amma likitoci ba su san gwargwadon da za su bayar ba, sai su zuba a hankici da ka. Cikin 1848 wata yarinya mai shekara 15 ta mutu wajen cire mata farcen ƙafa kawai.

Snow ya ga maganin nan, in ya yi yawa, guba ne. Ya yi ta gwaji a kan dabbobi, har da kansa. Ya gane zafin ɗaki yana ƙara ƙarfin tururin, saboda haka ya ƙera na'urar da ke daidaita shi. Ya kasa barcin hawa biyar, domin likita ya duba numfashi da idon majinyaci ya san inda aka kai. Na biyar shi ne bakin mutuwa. Kowa ya ba magani sai ya rubuta yadda aka yi, har suka wuce mutum 4,000.

Cikin 1853 ya ba Sarauniya Biktoriya kilorofom wajen haihuwa, ya sake cikin 1857. Wannan ya rage wa mutane tsoro ƙwarai. Shi ne kuma cikin 1854 ya bi sawun kwalara a wata unguwa ta Landan, har ya gano famfon da ke raba ta. Ya rasu cikin 1858, yana da shekara 45.

An daina aiki da kilorofom, an samu magunguna da suka fi shi aminci. Amma aunawa da lura da rubutawa suna nan, su ne suka maido mana ƙanena. 'Yan'uwana, mu da za mu koyar da lissafi, in yaro ya tambaye mu amfanin awo, sai mu ba shi labarin mutumin nan.