Tunawa da Marigayi Malam Aminu Kano (1920–1983)

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920. Bayan ya kammala Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauchi, sannan a Kwalejin Horon Malamai ta Maru. A 1950 ya ajiye alli da albashinsa, ya rungumi NEPU, ya zama shugabanta a 1953. Ya wakilci Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Legas daga 1959 zuwa 1964, daga bisani ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Janar Gowon.

Mu da muka taso a Madobi mun ga iyayenmu suna fasa rumbu don biyan haraji. Da jam'iyyarsa ta PRP ta ci Kano a 1979, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, manomi da makiyayi suka samu sa'ida.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, bai tara dukiya ba. 'Yan'uwa mazauna birane, ilmin da muka samu amana ce ta talakan da muka baro a gona. Allah Ya jiƙan Malam, amin.