Enrico Caruso: Mawaƙin da ya rasu a 1921 amma har yau ana wanke muryarsa

Duk wanda ya taɓa sauraron faifan garmaho ya san ƙarar nan ta ƙas-ƙas da shuuu da ke riga mawaƙi fitowa. A cikin irin wannan ƙara muryar Enrico Caruso ta iso wa mutanen yau, kuma kusan shekara 50 ke nan injiniyoyi na fama da kwamfuta don su raba ta da ƙarar.

An haifi Caruso a birnin Naples na ƙasar Italiya ranar 25 ga Fabrairun 1873, a gidan talakawa. Mahaifinsa makaniki ne, shi ma tun yana yaro aka sa shi aikin hannu. Ya fara waƙa a coci, daga baya a tituna da wuraren shan shayi don samun na abinci. A 1895 ya fara fitowa a opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa daga farko har ƙarshe.

Ranar 11 ga Afrilun 1902 ce ta sauya rayuwarsa. A wani ɗakin otal a birnin Milan, wani Ba'amurke mai ɗaukar murya, Fred Gaisberg, ya naɗi waƙoƙinsa goma a kan fam 100. A lokacin manyan mawaƙa da yawa na kallon garmaho a matsayin abin wasan yara. Faifan Caruso suka sayu sosai, suka kai sunansa garuruwan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. A 1903 ya fara waƙa a gidan Metropolitan na New York, inda ya fito sau fiye da 800.

Sai dai babu makirufo a zamanin. Mawaƙi zai tsaya gaban wani babban mazurari ya buɗe murya, ƙarfin muryar ne kaɗai ke girgiza allurar da ke zana layi a kan kaki. Mazurarin yana haɗiye sauti mai kauri sosai da siriri sosai, yana kuma kumbura wasu. Muryar Caruso ta dace da tsakiyar da na'urar ke iya kamawa, wannan na cikin sa'arsa. Faifan kuma ana yin su ne da wani ƙaro mai saurin fashewa, gauraye da garin dutse, ga allurar ƙarfe da ke cin faifai duk lokacin da aka kunna.

A Disambar 1920 jini ya ɓalle masa a maƙogwaro yana tsakiyar waƙa a Brooklyn. Ya rasu a Naples ranar 2 ga Agustan 1921, yana da shekara 48. Shekara huɗu bayan haka, a 1925, aka fara naɗar faifai da makirufo. Saboda haka waƙoƙinsa fiye da 200 duk ta mazurari suka bi.

Wani masani a Jami'ar Utah ta Amurka, Thomas Stockham, shi ne ya shigar da waƙoƙin cikin kwamfuta, ya ƙiyasta yadda mazurarin ya karkatar da muryar, ya yi ƙoƙarin mayar da ita daidai. Kamfanin RCA ya fitar da aikin a 1976.

Cire ƙas-ƙas shi ne mai sauƙi. Kowace ƙara ɗaya ba ta kai ƙiftawar ido ba, kwamfuta na gano ta, ta yanke, ta cike gurbin da abin da ta lissafa daga sautin gaba da na baya. Shuuu ɗin ne matsala, domin a cakuɗe yake da muryar kanta. In aka matsa masa, numfashin mawaƙin da ƙarshen kalmominsa su ma sai su tafi, a bar murya fes amma kamar daga cikin randa take fitowa. Shi ya sa ƙwararru kan bar ɗan shuuu da gangan, kuma gaskiyarsu ce.

Wasu sun wuce nan. A 1999 an fitar da wani faifai mai suna Caruso 2000, inda aka cire tsohon kiɗan gaba ɗaya aka bar muryar, sannan makaɗan gidan rediyon Vienna suka yi mata sabon kiɗa. Wasu masu sauraro sun yi murna da jin sa kamar jiya aka naɗa, wasu kuwa suka ce wannan ba waƙar da Caruso ya rera a gaban mazurari ba ce.