Dorugu, Yaron Damagaram da Gida Bai Bar Shi Ba

Cikin waɗanda suka sa hannu a aikin rubuta Hausa da haruffan boko, da juya Maganar Allah zuwa wannan harshe, akwai mutum guda da ba a cika ambaton sunansa ba, wato Dorugu. Bauta ce ta raba shi da iyayensa tun yana yaro, bai tsira da wani gado ba sai harshen uwarsa da abin da yake iya tunawa na gida.

An haife shi wajen shekara ta 1840 a ƙauyen Dambanas kusa da Kance, a ƙasar Damagaram da ke Jamhuriyar Nijar a yau. Mahaifinsa manomi ne, kuma makaɗi. Mahara suka kama yaron, aka kai shi Zinder, daga nan aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Kukawa, babban birnin Borno na wancan zamani. A can ne wani Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg, ya fanshe shi tare da wani saurayi ɗan kabilar Margi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi a 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suke kira Abdulkarim, ya ɗauki yaran biyu.

Tare da Barth, Dorugu ya ratsa Katsina da Sakkwato da Gwandu, suka isa Tambutu a 1853. Bayan sun komo Borno suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka sauka Landan a watan Satumba na 1855. Kafin ya cika shekara ashirin ya riga ya zauna da Barebari da Larabawa da Fulani da Buzaye da Jamusawa da Ingilishi.

A Ingila ne wani mai bishara na ƙungiyar mishan ta CMS, Rabaran James Frederick Schön, ya karɓe su a gidansa a Chatham. Schön ya taɓa hawo kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther a 1841, tun lokacin kuwa yake nazarin Hausa, amma yana bukatar wanda ya tashi da harshen a bakinsa. Dorugu ya riƙa ba da labari, Schön yana rubutawa. Ya faɗi yadda ake noma a ƙauyensu, da kiɗan mahaifinsa, da ranar da aka kama shi. Ya ba da tatsuniyoyin da ya ji yana ƙarami. Ya kuma kwatanta Turawa yadda idon Bahaushe ya gan su, da tsananin sanyin ƙasarsu, da irin ƙa'idodin da suke bi wajen zaman cin abinci. An yi masa baftisma a 1857, aka sa masa suna James Henry. Abbega ya komo Afirka a shekarar nan, daga baya har ya yi sarautar Lokoja, amma Dorugu ya zauna a Ingila har 1864.

Daga wannan zama aka sami amfani mai ɗorewa. Schön ya fitar da Bishara ta hannun Matiyu da ta Yohanna da Ayyukan Manzanni cikin Hausa a 1857, littafin nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, da Sabon Alkawari a 1880. A 1885 aka buga Magana Hausa, wanda ya ƙunshi tarihin rayuwar Dorugu da tafiye-tafiyensa kamar yadda ya faɗa da bakinsa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, ta hannun waɗansu ma'aikata dabam, amma an soma share hanyar ne a gidan nan na Chatham.

Da ya komo, Dorugu ya yi aikin tafinta shekaru da dama. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar da karatun boko a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Ya rasu a Kano a 1912.

Hausawa kan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Dorugu dai fitar da shi aka yi da ƙarfi, kuma gida bai bar shi ba, domin ya riƙe labarinsa, ya faɗe shi da harshensa, aka kuwa sami wanda ya saurara ya rubuta. Iyalai da yawa na masu bi suna renon 'ya'yansu a Legas da Ibadan da Fatakwal, cikin al'ummai masu harsuna iri iri. Zaman nan albarka ne, amma yaron da bai taɓa jin sunan ƙauyen kakansa ba, bai kuwa ji yadda bishara ta shigo gidansu ba, zai girma ba shi da abin da zai ba nasa 'ya'yan. Ya kamata iyaye su zauna da yaransu bayan addu'ar yamma su ba su waɗannan labarai, su kuma sa a rubuta su tun tsofaffin da suka san su suna da rai.