Bala Miller: Mawaƙin da ya ɗora waƙar Hausa a kan jita da ƙaho

A zamanin da kalangun Mamman Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos ke tashe a Arewa, Bala Miller ya fito da wani salo na daban: waƙar Hausa da kayan kiɗan Turawa.

An haife shi a 1928. Mahaifinsa limamin coci ne ɗan asalin Zariya. Tun yana yaro Bala ya shaƙu da kayan busa, daga baya ya goge a Legas cikin makaɗan zamani, har ya yi aiki da shahararren mabushin nan Victor Olaiya.

A 1973, lokacin mulkin Gwamna Audu Baƙo, ya jagoranci kafa makarantar koyon kiɗa a Kano. Wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. A cikin birni kiɗa gado ne: ɗan makaɗi ke zama makaɗi, kakaki da algaita na fada ne, kalangu kuma na mahauta da 'yan biki. Jita kuwa ana yi mata kallon kayan otal-otal na Sabon Gari, can bayan ganuwa. Shi Bala so yake matasa su koyi kiɗa a aji, kamar kowane ilimi.

A 1977, shekarar bikin FESTAC, ya kafa ƙungiyarsa mai suna Great Music Pirameeds of Afrika, sunan da ke tuna wa Bakano dalar gyaɗa. Waƙarsa Ikon Allah ta zaga gidajen rediyo, sannan a shekarun 1980 tashar NTA ta riƙa nuna shirinsa na Bala Miller Show.

Sai dai karɓuwar ba ta game gari ba. 'Yan boko da ma'aikata sun rungumi salon, amma kunnen yawancin Hausawa ya saba da waƙar da magana ke gaba, kiɗa na biye. Shi ya sa bai kamo ƙafar Shata ba a wajen talakawa.

Ya rasu a 2003, a daidai lokacin da sautin fiyano ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa a Kano. Abin da aka yi wa kallon baƙo a hannunsa, yau shi ake sa wa amare a gidajen biki na cikin birni.