Nana Asma'u 'Yar Shehu: Matar Waziri, Uwar Waziri, Kakar Waziri

Da muka zauna shirya fitowar bikin zagayowar shekarar ƙungiyarmu, mun ga bai kamata a cika ta da lissafin kuɗin shiga da na fita kaɗai ba. Sai muka ware wannan shafi domin tunawa da wata uwa da ta riga mu gidan gaskiya fiye da shekara 150 da suka wuce, wato Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Kowa ya san sunan. Akwai makarantu da dama masu ɗauke da shi, kuma da wuya a rasa Asma'u ko Nana a cikin danginmu. Amma sau da yawa idan ana labarinta, malantarta kawai ake ambata, a manta cewa matar aure ce, ta haihu, ta yi reno, ta ga jikoki. To wannan ɓangaren ne muke so mu tsaya a kai.

An haife ta a garin Degel a shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan uwanta Hassan. Kun san a al'ada Hussaina ya kamata a kira ta, amma sai Shehu ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sauran matan Shehu ne suka riƙe ta. Allah sarki, ashe marainiya ce ta tashi a hannun kishiyoyin uwarta, kuma riƙon ya yi albarka. A gidan nan karatu bai bar mace a baya ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi karatun fiƙihu da sauran fannoni, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, har da harshen Buzaye.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Daga nan sai rayuwar gudu da yaƙi. An yi nasara a Tafkin Kwatto, an sha wuya a Tsuntsuwa inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada, ga yunwa, ga ciwo, ga ƙaura daga wannan zango zuwa wancan da mata da ƙananan yara. A cikin wannan hali aka ɗaura mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wajen 1807, tun kafin a ci Alƙalawa a 1808. Kun ga ke nan ba amarcin gado da kwalla ta yi ba. Ta shiga ɗakin miji ne lokacin da jama'a ba su da tabbacin inda za su kwana gobe.

Da aka kafa Sakkwato a 1809 hankali ya fara kwanciya. Amma shekarar 1817 ta zo mata da nauyi: a cikinta mahaifinta Shehu ya rasu, a cikinta kuma ta rasa abokin tagwaicinta Hassan. Bello ya zama Sarkin Musulmi, mijinta Giɗaɗo ya zama Waziri. Duk macen da ta taɓa zama a gidan da baƙi ba sa yankewa ta san abin da wannan yake nufi. Gidan Waziri nan ne masaukin manzanni da malamai da masu kawo ƙara daga nesa. Ko Baturen nan Kilafaton, da ya zo Sakkwato a 1824, Giɗaɗo ne ya kula da shi. A irin wannan gida, mai cike da hidima da 'ya'ya da barori da baƙi, Asma'u ta riƙa samun lokacin riƙe alƙalami. Littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, ta rubuta shi a 1820, tana da shekara 27, tana cikin shekarun goyo.

Zamansu da Giɗaɗo ya wuce shekara 40. Abin da ya fi burge mu a auren nan shi ne aikinsu ɗaya ne. Shi ma marubuci ne. Bayan rasuwar Bello a Wurno a 1837, su biyun suka duƙufa wajen rubuta tarihin Shehu da na Bello domin 'yan baya, shi yana yi da Larabci a zube, ita tana yi a waƙe yadda wanda bai yi zurfin karatu ba zai iya haddacewa. Waƙar Gewaye, mai ba da labarin hijira da yaƙe-yaƙen zango bayan zango, tana cikin abin da ya fito daga irin wannan aiki. Da Giɗaɗo ya rasu ta yi masa marsiyya. A ciki, abin da ta fi tunawa da shi shi ne karɓar baƙi, da taimakon mabukata, da tsayuwarsa kan gyaran masallaci da kula da kabarin Shehu. Mace ce da ta san mijinta a cikin gida, ta kuma yabe shi da abin da idonta ya gani. Mazajenmu masu karanta wannan shafi, a lura fa: bai ce iliminta ya yi masa yawa ba, kuma hakan bai rage masa komai ba.

Ta fuskar zuriya kuwa, ɗanta Abdulƙadir ya karɓi wazirci tun mahaifinsa yana da rai. Shi ma ya riga ta rasuwa, ta ɗanɗani zafin binne ɗa bayan na miji. Jikanta Halilu ɗan Abdulƙadir ya hau kujerar tana raye. Wani jikan nata, Muhammadu Buhari, shi ne Waziri lokacin da Turawa suka shigo Sakkwato a 1903. Ɗansa Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, shi ya adana takardunta a ɗakin littattafansa, kuma daga nan ne Jean Boyd da Beverly Mack suka samu mafi yawan abin da suka tattara suka buga a 1997. Wato dai jikoki ne suka riƙe amanar kakarsu har ta iso gare mu.

Amma 'ya'yanta ba na cikinta kaɗai ba ne, shi ya sa ake kiranta Uwar Gari. Bayan yaƙi ƙauyuka sun cika da zawarawa da marayu da matan da aka kamo, mafi yawansu ba su san ko yadda ake alwala ba, bori ne mafakarsu idan ciwo ko baƙin ciki ya zo. Matar aure mai goyo kuma ba za ta iya barin gida ta tafi neman karatu ba. Sai Asma'u ta ɓullo da dabarar da aka sani da 'Yan Taru. A kowane ƙauye ana zaɓen dattijuwa mai amana da hankali, a kira ta jaji. Asma'u da kanta take naɗa ta, ta sa mata malfa, ta ɗaure da jan ƙyalle. Malfar nan a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar bori. Ba ta jefar da abin da mata suka saba girmamawa ba, sai ta juya ma'anarsa.

Jaji takan jagoranci tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana, su taho a ƙasa har gidanta, su koyi darasi a waƙe, su haddace, su koma su koya wa waɗanda suka bari a gida. Darasin kuwa na rayuwar yau da gobe ne: sunayen surorin Alƙur'ani, tsarki da salla, tarihin Annabi (SAW), haƙuri, gaskiya, zaman lafiya da maƙwabta, duba marar lafiya. Sukan zo mata da ɗan abin hannu, kamar hatsi da zuma da man shanu, ita kuma ta rarraba wa mabukata. Duk wadda ta san yadda ake tara kaɗan-kaɗan daga hannu da yawa har ya ishi wata, ta san wannan tsari ba baƙo ba ne a gare mu.

Akwai wani abu kuma da muke so mu riƙe. Asma'u ta yi wa manya marsiyya, kamar Bello da Giɗaɗo da aminiyarta A'isha. Amma ta yi wa matan da ba su da sarauta ko dukiya. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, saboda kirkinta da riƙon zumunci. Ta yi wa Zaharatu, wadda ake kira idan naƙuda ta tashi ko za a yi wa mace wankan gawa. Ta yi wa Hawa'u, jajin da ta daɗe tana kawo mata ɗalibai. Ba don alƙalamin Asma'u ba, da yau babu wanda ya san an yi su. Ita ta ga cewa aikin unguwarzoma da na maƙwabciya ta gari ya cancanci a rubuta shi kusa da na sarakuna.

Ta rasu a 1864 tana da shekara 70 da ɗoriya, bayan ta ga zamanin Sarakunan Musulmi huɗu bayan mahaifinta. An binne ta a Hubbare, kusa da Shehu. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru, aikin bai mutu da mai shi ba.

To 'yan uwa, ga roƙonmu guda biyu. Na farko, duk yadda kasuwa ta yi tsanani, kada talla ta zama dalilin cire yarinya daga makaranta, ta boko ko ta Islamiyya. Wadda muke alfahari da ita ta yi karatunta ne cikin gudun hijira da yunwa. Na biyu, kowace a cikinmu tana da Halimarta da Zaharatunta: uwar da ta yi daka da surfe ta ciyar da mu, kakar da ta koya mana sana'a, maƙwabciyar da ta riƙe mana yara ranar da muka shiga uku. Mu zaunar da 'ya'yanmu mu gaya musu sunayensu da abin da suka yi, wanda ya iya rubutu a cikinsu ya rubuta a ajiye.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya haskaka kabarinta. Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da 'yan ƙungiyarmu da suka riga mu. Mu kuma idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, amin.